Ƙaba ba ta raba ni da keke ba, amma kunya ta kusa raba ni da hanji

Wa alaikumus salam, Alhaji. Barka da warhaka, ya iyali, ya kuma zaman ritaya?

Tun shekaranjiya na ga tambayar da ka ajiye a zauren nan. Ka ce shekarunka 62, likita ya ce ka rage tumbi saboda hawan jini, ka sayi keke har ka fara jin daɗinsa, sai ga wani ƙullutu ya ɓullo maka a matsematsi na dama. Yana leƙowa in ka miƙe tsaye ko ka yi tari, yana komawa in ka kwanta. Kana so ka san ko keken ne ya jawo, ko ka jingine shi, da kuma ko akwai abin sha da zai hana a kai ga wuƙa. Na karanta amsoshin 'yan'uwa, Allah ya saka musu, wani ya ce zuma da habbatus-sauda, wani ya ce ka sayar da keken ka huta. Ni ba likita ba ne, tsohon malamin makaranta ne, na kuma girme ka da shekara shida. Amma wannan hanyar da ƙafata na bi ta, don haka ka yi haƙuri da tsawon bayani.

Mu 'yan zamanin Raleigh ne, keken nan na da. Da ita na fara zuwa koyarwa a ƙauye, littattafan yara ɗaure a kariya da roba. Daga baya aka samu babur, aka samu mota, keke ya zama abin aiken yara, tumbi kuma ya zo ya zauna kamar an gayyace shi. Sai da na ajiye aiki na koma. Na sayi wani na gwanjo mai giya a Sabon Gari, in na idar da asuba na yi azkar sai in kama hanyar Gwarzo daga Kabuga, in kai ƙofar sabuwar jami'ar Bayero in juyo kafin 'yan Adaidaita su cika titi. Maƙwabta sun yi ta tsokana, wai fansho ne bai shigo ba shi ya sa Malam ya ajiye mota. Ban kula su ba. A cikin shekara guda wandunana suka fara zamewa, barci ya gyaru, gwiwar da ke ƙara in na tashi daga sujada ta yi shiru.

Tawa ƙabar ba a kan keke ta same ni ba. Wani hunturu ne na yi tari ya fi wata guda, ina cikin haka na ɗaga buhun masara daga bayan mota don kada in jira yara. Na ji wani abu ya ɗan tsira a ƙasan mara, kamar an tsikare ni. Da dare wajen wanka na ga ƙullutu kamar ƙwan zabuwa.

Bari in kwatanta maka da abin da ka sani. Ka taɓa ganin tayar keke ta tsage a gefe, tiyub ya leƙo ya yi ƙwai? To ita ce ƙaba. Bangon ciki ne ya yi rauni a matsematsi, inda dama akwai wata 'yar kafa da jijiyoyin maraina suke bi tun halitta, sai hanji ko kitsen ciki ya samu hanya ya turo. Shi ya sa ta fi kama maza nesa ba kusa ba: ana ƙiyasta cewa wajen namiji ɗaya cikin huɗu zai gamu da ita a rayuwarsa, mata kuwa wajen 3 cikin 100. Tsufa yana sassauta bangon, tari mai daɗewa da yunƙuri a bayi da ɗaukar kaya suna tura shi. Yanzu ka gaya mini, wane ruwa za ka ɗura wa tiyub ya ɗinke tsagar taya? Babu. Na faɗi haka ne da baƙin ciki, don ni na sha. Masu lasifikar nan na bakin tasha da ke cewa suna narkar da ƙaba ba tiyata sun ci kuɗina ba sau ɗaya ba. Wani garin ya sa ni gudawa kwana biyu, cikin ya sace, ƙullutun ya yi kamar ya ragu, na ce alhamdu lillahi. Sati bai cika ba ya dawo da ƙarfinsa.

Akwai kuma ruɗanin suna. Mutanenmu kan haɗa ƙaba da gwaiwa su kira su abu ɗaya. Wani kumburin maraina ruwa ne kawai ya taru, ba ya komawa in an kwanta. Wani kuma ƙabar ce ta gangara har ƙasa. Wani ma kaluluwa ce. Wanda zai bambance maka shi ne likitan fiɗa, kuma yawanci da hannu kawai: ya sa ka tsaya, ya ɗora yatsa, ya ce yi tari. Ko minti biyar ba a yi.

Wannan minti biyar ɗin ne na yi kusan shekara uku ina gudu. Kunya, Alhaji. Ina ganin wanda zai duba ni ƙila ɗalibina ne na da, in tuɓe masa wando? Uwargida ce ta fara lura da yadda nake dafe wurin in zan yi atishawa, ta yi magana na ce ba komai. Na ci gaba da hawan keke a duk wannan lokacin, kuma gaskiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ya damuna. Inda nake jin sa shi ne in na miƙe tsaye a kan feda ina danna giya mai nauyi, ko in na riƙe numfashi a hawa, ko in na cicciɓi keken zan tsallake kwata da shi. Sai in ji nauyi yana ja ƙasa, in na dawo gida in kwanta in mayar da shi da tafin hannu. Na sayi bel ɗin ƙaba a kemis, ya ɗan taimaka, amma a zafin Kano ya cika ni da ƙuraje, kuma bel dannewa yake, ba gyarawa ba.

Ranar da ido ya raina fata, wani dare ne bayan isha. Na kwanta in mayar, ya ƙi. Na sake dannawa, ya yi tauri kamar dutse, ga zafi. Kafin sha biyu na fara amai, cikina ya ɗaure, ko iska ba ta fita. Babban ɗana ya sa ni a mota. A asibiti aka yi mini allura, likita ya ɗaga ƙafafun gadon, ya yi ta lallaba wurin har Allah ya sa ya koma. Da safe ya zauna bakin gadona ya ce, Baba, da kun ƙara wasu sa'o'i a gida da yanzu maganar yanke hanji ake yi. Ya yi mini bayani cewa in hanji ya maƙale a kafar, jini kan daina isa gare shi, kuma cikin sa'o'i kaɗan sai ya fara mutuwa. Don haka ko ka manta duk abin da na rubuta, riƙe wannan: in ƙullutun ya ƙi komawa, ya yi tauri, yana zafi, ko ga amai, ko fatar wurin ta canza launi, ko bayan gida da iska sun tsaya, ba a jiran gari ya waye. Kada kuma ka sa ƙarfi ka ce sai ka tura shi.

Ba na so in tsorata ka fiye da kima. Irin abin da ya same ni ba kullum yake faruwa ba. An yi wani babban bincike a Amurka da Kanada da aka wallafa a 2006, a kan maza masu ƙabar da ba ta damunsu sosai: aka yi wa wasu aiki, aka bar wasu ana sa ido. Maƙalewar gaggawa ta yi ƙaranci ƙwarai, ƙasa da mutum biyu cikin dubu a shekara. Amma da aka ci gaba da bibiyarsu, wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda aka bari sun dawo an yi musu aikin cikin shekara goma, yawanci saboda ciwo, kuma dattawa ne suka fi dawowa. Ni abin da na fahimta: jira halal ne in likita ya duba ya ce a jira, amma mafi yawanmu can za mu ƙare. Sannan su waɗancan asibiti na kusa da su, mota na zuwa ta ɗauke su. Kai da ka ce kana son fita bayan gari da keke, ka yi tunanin ya maƙale maka a wani ƙauye bayan Madobi da rana tsaka. Gara a yi maka kana da ƙarfinka, jininka a daidaice, a ranar da kai da likita kuka zaɓa.

Aikin kansa bai kai fargabarsa ba. Kafin a yi sai da aka daidaita jinina, aka yi maganin tarin, aka kuma tambaye ni ko ina yunƙuri wajen fitsari, domin a shekarunmu prostat, wato wani ƙullin nama da ke kewaye da hanyar fitsari a ƙasan mafitsara, kan kumbura, kuma in ba a kula da shi ba yunƙurin zai ci gaba da dukan ɗinkin. Allurar baya aka yi mini, ina jin hirarsu, ƙasan jikina ne kawai ya mutu. Wasu ma wurin kaɗai ake kashewa. Aka mayar da abin da ya fito, aka shimfiɗa wata raga a kan raunin aka ɗinke, daidai yadda mai faci ke sa guntuwar tsohuwar taya ta ciki ya tare tsaga. Nama ne ke tsirowa ya kama ragar ta zama bango. Wani abin dariya da na ji daga baya, a Yuganda an gwada yin wannan aiki da ragar gidan sauro da aka tsabtace, aka buga sakamakon a 2016, kuma ta yi aiki kamar mai tsadar. Ban ce ka cire ta gadonka ka tafi da ita ba. Ko awa ɗaya ba a yi ba aka gama, washegari na koma gida.

Kwana ukun farko akwai jiki. Tashi daga kwance sai na mirgina gefe na dafa hannu, tari kuwa sai na danne wurin da matashi. Sallah a kan kujera na yi ta wajen sati biyu. Abin da na fi tsoro shi ne bayi, sai uwargida ta dage da miyar kuɓewa da zogale da gwanda da ruwa mai yawa, aka samu sauƙi. Likita ya hana ni kwanciya kamar mai jego, ya ce tafiya tun rana ta farko: tsakar gida, sai ƙofar gida, sai masallaci. Kaya mai nauyi ya ce in bari sai bayan sati shida. Keke kuwa da na koma dubiya a sati na huɗu ya ce in gwada a hankali, in ciwo ya yi magana in saurare shi. Na yi minti goma a layinmu ina tafiya kamar mai tallan koko. Kowane sati na ƙara kaɗan, wajen wata na uku na koma hanyata ta Gwarzo. In faɗi gaskiya, wurin ya yi watanni yana ɗan tsikara da dindiris a fatar cinya, har yanzu in sanyi ya sauko nakan ji shi. An ce wajen mutum ɗaya cikin goma kan yi fama da ciwo mai daɗewa bayan aikin, don haka ka tambayi likitanka wannan kai tsaye, ka kuma nemi wanda hannunsa ya saba.

To, yanzu maganar kekenka kafin ka ga likita da bayan ka gan shi. Ni ban ga dalilin sayarwa ba. Rage tumbin ma yana rage wa bangon ciki nauyi, kuma minti 150 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa, keke na cika shi ba tare da ya ci gwiwa ba. Abin da na canza bayan na yi hankali shi ne yadda nake hawa. Giya mai sauƙi, ƙafa na juyawa da sauri, maimakon mai nauyi ana nishi. Ban ƙara miƙewa a kan feda ba. In hawa ya yi tsauri sai in sauka in tura, babu wanda ya taɓa tare ni ya ce me ya sa. Na sa an ɗaga mini kan keken don in zauna a miƙe, cinya ta daina matse mara. Sirdi ma na canza, na samo mai faɗi da tsaga a tsakiya, kuma na daidaita tsayinsa yadda in dugadugina na kan feda a ƙasa ƙafar za ta miƙe. Wurin hawa, na daina wurga ƙafa ta baya irin na samartaka, sai in kwantar da keken gefe in tsallaka. In da a yau zan saya, mai lanƙwasasshen ƙarfen nan da muke cewa na mata zan ɗauka, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

A hunturu ina rufe hanci da baki, domin tarin ƙura ne ya fara kai ni ga wannan. A bazara kuwa bakwai da rabi na gida, da gorar ruwa a jikin keke. Da azumi nakan rage, rabin awa bayan la'asar sakaliya a kusa da gida, in dawo ana shirin kiran magariba. Tunda kana shan maganin hawan jini, ka tambayi likita a kan wannan, wasu magungunan na sa fitsari, ga zufa ga azumi sai jiri ya ɗebe mutum. Hular kwano kuma na san ana dariya, amma ɗan Adaidaita ba ya duba furfura kafin ya yanko.

Jarkar ruwa, buhun hatsi, janareto, tura mota in batir ya mutu: bar wa yara daga yau. Kuma wannan satin, ba bayan Sallah ba, ka je asibitin gwamnati mafi kusa ka yanki kati ka ce kana son ganin likitan fiɗa. In kana da inshorar lafiya ka tambaya ko ta ɗauki aikin. In kunya ce, yi mini magana ta gefe in raka ka, na san bencin da ake jira. Mu huɗu ne muke fita duk Asabar bayan asuba, ƙaraminmu shekararsa 59, kuma biyu daga cikinmu da raga a ciki muke tuƙawa. Allah ya ba ka lafiya, a gaida su Hajiya.