Daga sama ake fara gyaran gida

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da Allah ya hore muku abin da za ku taɓa gidan nan. Ka ce niyyarka ka fara da tayil da fenti don iyali su ga canji da wuri, amma duk wanda ka shawarta sai ya ce ba haka aka saba ba, daga rufi ake farawa. Kana son sanin ko al'ada ce kawai aka gada, ko tana da tushe.

Tana da tushe, kuma tushen ruwa ne. Babu abin da ke cin gini kamarsa. Ɗan yoyon da kake rainawa a kwano shi ne zai jiƙa silin, ya ruɓar da katako, ya sauko cikin bango. Wani kuma daga ƙasa yake hawowa: duba gindin bangonku, in ka ga fenti ya kumbura yana ɓarewa, ga wani farin gari kamar gishiri, to danshi ne. Ko sau goma ka shafa sabon fenti a kai, sai ya sake fitowa. Saboda haka a ɗinke rufi, a gyara magudana, a kawar da ruwa daga jikin gini tukuna.

Sai abin da ke ɓoye a bango da ƙarƙashin daɓe, wato wayoyin wuta da bututun ruwa. A nan na taɓa ƙonewa. Na shimfiɗa tayil a banɗaki ba tare da an gwada bututu ba, bayan 'yan watanni bangon ɗakin da ke maƙwabtaka ya jiƙe sharkaf. Ina tsaye aka sa guduma aka farfasa tayil ɗin da na biya da gumina, har yau abin yana min ciwo. Kai dai a saki ruwa, a bar shi ya kwana a bututu, ka zagaya da idonka kafin a rufe. Ka ɗauki hoton kowane bango kafin filasta, domin ranar da za a buga ƙusa ka san inda waya ta bi.

Maganar rushe bangon falo da ka ambata, kada ka yarda a taɓa shi sai injiniya ya duba, don wani bangon shi ke ɗauke da nauyin sama.

Kuma ka yi haƙuri da siminti. Kankare yana son a riƙa shayar da shi ruwa kamar kwana 7, ba ya kuma kai ƙarfin da ake lissafi da shi sai ya cika kwana 28. Filasta ma a bar ta ta bushe sarai kafin fenti, ko da gidan zai yi makonni babu kyan gani.

Kuɗin aiki kuwa, a rubuta yarjejeniya, ka ba da kafin alƙalami daidai gwargwado, sauran a biya mataki-mataki bayan ka ga aiki. Ka ware kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a gefe, domin tsohon gida sai an buɗe shi ake ganin ciwonsa.

Kafin ka kira kowa, jira a yi ruwa mai ƙarfi, ka ɗauki tocila ka leƙa cikin silin, sannan ka faɗa min abin da ka gani. Ka gaishe min da mutanen gidan.