Ko shuka a saman ruwa za ta hana tafkin kifi yin kore?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon tarwada a tafkin siminti a bayan gidana a Zariya, amma ruwan kan yi kore shar cikin 'yan kwanaki, har ya fara ɗoyi. An ba ni shawarar in yi shuka a kan wani abu da zai riƙa yawo a saman ruwan, wai saiwoyin za su tsabtace shi. Shin akwai gaskiya a wannan magana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai gaskiya a ciki, sai dai da sharaɗi. Korewar ruwa gansakuka ce, kuma abin da ke ciyar da ita shi ne kashin kifi da ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe, waɗanda ke sakin sinadarin amoniya da fosfaras. Idan saiwoyin shuka suna reto a cikin ruwan, za su yi rige-rigen tsotse waɗannan sinadarai da gansakuka, inuwar ganyen kuma ta rage mata hasken rana. Dabarar ta daɗe a duniya: manoman Gopalganj da Barisal a kudancin Bangaladash sun daɗe suna noman kayan lambu a kan gadajen da ke yawo bisa ruwan ambaliya, har Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya tsarin cikin jerin dabarun noma na gargajiya masu muhimmanci ga duniya a 2015.

Haɗa gadon ba ya cin kuɗi sosai. Ka ɗaure gorunan roba masu murfi a jikin firam ɗin gora ko bututun roba, ka shimfiɗa raga, sannan ka jera ƙananan kofuna da aka huda gindinsu, ka cika su da tsakuwa ko gawayi. Kada ka zuba ƙasa ko taki, domin hakan ƙara wa ruwan datti ne. Jema, wadda ake saƙa zana da ita, ita ce zan fi zaɓa, saboda saiwarta doguwa ce kuma tana jure zama cikin ruwa. Na'ana'a ma tana yi. Idan ka taɓa haɗa karfasa da tarwadar, ka kewaye saiwoyin da raga ta ƙasa, don karfasa na gatsar su.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne barin shukar ta yi ta tsufa a wurin. Ganyen da ya bushe ya faɗa ruwa yana mayar da duk abin da ya tsotsa, saboda haka yanka da kwashewa a kai a kai shi ne ainihin tsabtacewar. Kada kuma gadon ya rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman tafkin, domin tarwada tana tasowa ta shaƙi iska, kuma da dare tsirrai ma shan iskar ruwan suke yi. Ban ba ka shawarar sakin kainuwa sakaka ba, balle kachala, doguwar ciyawar ruwan nan wadda manoma da masuntan fadamun Haɗeja da Nguru suka san yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa.

A tafkin da aka cika da tarwada, shuka ba za ta ɗauke maka sauya ruwa ba, sai dai ta tsawaita kwanakin da ke tsakani. Ka fara duba hannunka wajen ciyarwa: idan bayan kamar minti 15 kana ganin ƙwayoyin abinci suna yawo, to ka zuba fiye da yadda za su iya ci.