Tarko ɗaya ba zai kama buzuzu da malam-buɗe-littafi ba

Kana tambaya ko tarko ɗaya zai kama maka buzuzun kurmi da malam-buɗe-littafi mai wutsiya. Ba zai yiwu ba, domin hanyar cin abincinsu ta sha bamban. Buzuzu wari yake bi. Ka binne kofi har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, ka zuba ruwa da ɗan sabulu, ka rataya ɗanyen kashi a samansa, ka yi masa rumfa saboda ruwan sama. Ka bar aƙalla mita 50 tsakanin tarko da tarko, ka duba bayan awa 48. In kashin ya bushe, kamu ya tsaya.

Shi kuwa malam-buɗe-littafi da ido yake neman fure, da rana tsaka, sai dai ka bi shi da raga. Mazan sukan taru kan jiƙaƙƙen yashi a bakin rafi suna tsotsar gishiri, nan ya fi sauƙin kamu. Kada ka kuskura ka sa shi cikin ruwa kamar buzuzu mai taurin baya. Garin fikafikansa zai goge, ka kasa gane irinsa. Ka haɗe fikafikan, ka sa shi a ambulan takarda.