Amsa ga Hajiya: a yi taron ko a ɗaga shi saboda sanƙarau?

Assalamu alaikum. Hajiya, na karanta tambayarki. Kin ce ƙungiyarku ta shirya taron kwana uku a farkon Afrilu, baƙi za su zo daga Nijar da Chadi da Kamaru da Ghana, wasu kaɗan daga Turai, an riga an ba da kafin alƙalami na zaure da masauki, sai ga sanƙarau ya ɓulla a ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka da ku. Na daɗe ina aikin shirya irin waɗannan taruka, kuma shawarata ita ce ku ɗaga shi zuwa bayan saukar damina. Ban ce ku fasa ba.

Da a ce kwalara ce, da amsata ta bambanta. Kwalara ta ruwa da abinci take bi, mai taro kuwa yana da iko a kan ruwan da baƙinsa za su sha da tukunyar da za a dafa musu. Ita ma Ebola, duk da tsoron da sunanta ke sawa, mutum ba ya yaɗa ta sai alamu sun bayyana a jikinsa. Sanƙarau ba haka yake ba. Mutum na iya ɗauke da ƙwayar cutar a maƙogwaronsa yana yawo garau, ba zazzaɓi ba ciwon wuya, yana tari ko atishawa a kusa da wani. Saboda haka na'urar auna zafin jiki da za ku ajiye a ƙofar zaure ba za ta tare muku komai ba. Ta fi kwantar da hankalin masu taro a kan ta kare baƙi.

Kuma ba zauren ne ya fi damuna ba. Duk wanda ya taɓa shirya taro ya san inda mutane ke cuɗanya da gaske: ɗakin kwana da aka sa mutum huɗu don kuɗi su isa, bas ɗin da ke kwaso su daga filin jirgi tagogi a rufe saboda ƙura, layin karɓar abinci, rungumar waɗanda suka shekara ba su ga juna ba. Ga zafin Afrilu, ga iska busasshiya da ke tsattsage hanci da maƙogwaro. Wannan shi ne lokacin cutar a duk yankinmu, tun daga Senegal har Habasha, kuma ta saba lafawa da zarar ruwa ya sauka.

Abu na biyu shi ne abin da masu shirya taro suka fi mantawa: ranar watsewa. Sanƙarau kan ɗauki kwana 2 zuwa 10 kafin ya nuna kansa. Taronku na kwana uku ne. Ke nan wanda ya ɗauka a wurinku galibi ba a gabanku zai kwanta ba, sai ya isa Damagaram ko Njamena ko Kumasi, cikin iyalinsa. An ga haka a aikin Hajjin shekarar 2000, lokacin da nau'in W135 ya bi alhazai zuwa ƙasashensu har ya kama mutanen gidajensu da ba su je ko'ina ba. Bayan nan ne Saudiyya ta wajabta wa maniyyata allurar da ke kare nau'i huɗu, kuma ta ce a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isowa. Manyanmu kuma ba su manta da 1996 ba, shekarar da cutar ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Nauyin da ke kanku ya wuce na mutanen da sunayensu ke cikin rajistar taro.

Na san abin da za a ce miki a zaman kwamiti, don an sha faɗa mini: kuɗi sun fita, baƙi sun sayi tikiti, sunan ƙungiya zai zube. A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta ɓulla, muna da taro a hannu, kuma kowa a kwamitinmu haka ya faɗa. Da muka zauna da manajan masaukin, bai yarda ya mayar mana da ko sisi ba, amma da muka ce sauya rana muke nema, nan take ya buɗe littafinsa ya ba mu wani wata. Ku ma kada ku je da maganar a dawo muku da kuɗi, ku je da maganar sauya rana, kuma a rubuta a sa hannu. Mun sanar da baƙi da wuri. Ranar 23 ga Maris Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga zirga-zirgar ƙasa da ƙasa, ba a sake buɗewa ba sai 5 ga Satumba. Da mun bar mutane sun taso, da ciyar da su da kwanansu na wata da watanni ya dawo wuyanmu. Ba ina cewa za a rufe iyaka saboda sanƙarau ba, amma jinkirin yanke shawara shi ne abin da ya fi cin kuɗi. Duk mako ɗaya da kuka ƙara kuna jiran ganin yadda za ta kaya, wani baƙon ya sayi tikitin da ba a mayarwa.

Sannan ina roƙonki, kada ma'aji da wanda ya sa hannu a kwangilar zaure su zama su ne masu yanke hukunci. Ba don ba su da amana ba, sai don asarar tana gaban idonsu, cutar kuwa ba sa ganinta. Ku je sashen da ke sa ido kan cututtuka a ma'aikatar lafiya ta jiharku, ku duba rahoton da hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya (NCDC) ke fitarwa, ku yi tambayoyi takamaimai: wane nau'i ne ke yawo, adadin yana hawa ko yana sauka mako bayan mako, an fara allurar gangami ko ba a fara ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne idan aka samu mutum 10 cikin 100,000 a mako guda a yanki, annoba ta tabbata. Da wannan za ku yi magana da kwamiti, ba da jita-jitar WhatsApp ba.

Wani zai kawo maganar tawakkali, ya ce abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Haka ne. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka can, a wani wuri da ake kira Sarg ya tsaya ya yi shawara, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Abdurrahman bin Auf kuma ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba take da fita daga cikinta. Ku kuwa kiran mutane za ku yi su shigo, sannan ku sallame su su fita.

Idan akwai abin da ba zai jira ba, kamar zaɓen shugabanni ko amincewa da kasafi, a yi shi ta intanet cikin awa biyu, sauran a bar wa Yuli. In kuma kwamiti ya dage sai an yi a Afrilu, to kada ki yarda sai da sharaɗi: kowane baƙo ya yi allurar da ta dace da nau'in da ke yawo kwana 10 kafin ya taso, domin ba a fafe gora ranar tafiya; a rage cunkoson ɗakunan kwana; a san asibitin da za a kai mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya ko da tsakar dare ne, don cutar na iya kisa cikin kwana ɗaya; a kuma riƙe lambar wayar kowa har mako biyu bayan an watse. Ku gaya wa baƙin gaskiyar halin da ake ciki tun yanzu, a rubuce, wanda ya ga ba zai zo ba kada a riƙe shi a zuci.

Allah Ya ba waɗanda ke kwance lafiya, Ya sa ku yi taronku cikin aminci.