Ku Tambayi Makanike: Sayen Mota ta Hannu da Matsalar Zafin Inji

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina shirin sayen motata ta farko, kuma ƙarfina bai kai na sabuwa ba. An nuna mini wata Toyota Corolla ƙirar 2010 mai ƙyallin jiki, mai ita kuma ya ce tafiyar da ta yi ba ta wuce kilomita 80,000 ba. Me ya kamata in duba kafin in biya? Daga Malama H.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Zaɓinki bai yi laifi ba, domin Corolla, wadda aka fara ƙerawa a 1966, ta yi suna wajen juriya da sauƙin samun kayan gyara. Sai dai ƙyallin jiki aikin mai fenti ne, lambar tafiya kuma ana iya mayar da ita baya. Idan robar da ke kan birki ta suɗe, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba kuma ta lotsa, to motar ta ci hanya fiye da abin da aka gaya miki.

Babbar shawarata ita ce ki je da sassafe tare da makaniken da ke kika zaɓa, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ki nemi kada a tayar da motar kafin ku iso. Ya ɗora hannu a kan inji ya tabbatar da sanyinsa, saboda injin da ya riga ya ɗauki zafi yakan ɓoye ƙara da wahalar tashi. Da an murza makulli, ki koma baya ki zuba wa salansa, wato bututun hayaƙi, ido. Shuɗin hayaƙi yana nufin inji na ƙona baƙin mai, baƙin hayaƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Wanda na fi tsoro shi ne farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, domin sau da yawa alama ce cewa gasket ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, ruwa yana shiga inda bai kamata ba. A zaro sandar gwada mai. Idan man ya koma ruwan ƙasa mai kauri kamar an dama shi, ki yi sallama ki kama gabanki, ko nawa aka rage miki.

Daga nan a gwada lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, da abin da ke cikin takardu. A kuma duba gefen tayoyi, inda lambobi huɗu ke nuna lokacin ƙira: 2319, alal misali, yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. A ƙarshe ki tuƙa ta da kanki, ki ji ko giya na fizga ko jinkirin shiga.

Tambaya: Motata tana ɗaukar zafi a cunkoso, amma a buɗaɗɗiyar hanya lafiya lau take. Makanike ya ce a cire tamostat. Shin hakan daidai ne? Daga Alhaji S.

Amsa: Ranka ya daɗe, ban goyi bayan wannan ba, ko da yake na san makanikai da yawa sun mayar da shi al'ada. Aikin tamostat shi ne riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, kusan digiri 90 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan aka cire shi inji yakan daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, ya kuma yi saurin lalacewa. Bayanin da ka yi ya fi nuna fanka: a kan hanya iska ce ke sanyaya lagireto, a cunkoso kuwa fanka kaɗai ke wannan aiki. A duba fis da wayoyinta da na'urar da ke tayar da ita, sannan a duba murfin lagireto. Kada kuma ka kuskura ka buɗe murfin nan alhali inji na da zafi, domin tafasasshen ruwa zai iya watso maka a fuska.

Tambaya: Fitilar inji ta kama a dashbod, amma mota na tafiya daidai. In ƙyale ta? Daga Malam B.

Amsa: Kada ka ƙyale ta, Malam. Idan fitilar a kunne take ba ta ƙyaftawa, za ka iya tuƙawa zuwa gareji a jona na'urar da ke karanta kwamfutar mota, wataƙila ma murfin tankin mai ne bai rufu sosai ba. Idan kuwa tana ƙyaftawa, inji ne ke tsallen wuta, wato wuta ba ta kamawa daidai a cikinsa, galibi saboda fulogi ko koyil, don haka ka rage gudu ka nemi wuri ka tsaya.