SDK kaya ne da in ya fita ba ya dawowa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne a Kano, mun haɗa tsarin karɓar kuɗi ta intanet, kuma API ɗinmu, wato ƙofar da manhajojin wasu ke bi su yi magana da tsarinmu, yana aiki lafiya. Masu haɗa manhaja da ke son hulɗa da mu sai tambaya suke ko muna da SDK, wato kayan aikin da aka riga aka haɗa da za su saka a manhajarsu don ta yi magana da API ɗinmu cikin sauƙi. Niyyarmu mu fitar da na Android, iOS, Flutter, PHP, Python da JavaScript gaba ɗaya. Ta ina za mu faro, kuma yaya ake raba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a neman. Amma shida a lokaci guda, ku huɗu? Taura biyu ma ba ta taunuwa. Ku duba waɗanda suka tambaye ku, ku ga da me suke aiki, ku ɗauki biyu: ɗaya na ɓangaren saba (kwamfutar bayan fage da manhaja ke aika wa buƙata), ɗaya na waya. Sauran su yi amfani da API kai tsaye tukuna. Idan kuka rubuta bayaninsa a tsarin OpenAPI, wato sanannen tsarin bayyana API, akwai wani kayan aiki mai suna OpenAPI Generator da zai fitar musu da SDK na riƙon ƙwarya a harshen kwamfutar da suke so.

Dalilin da ya sa nake taka muku birki shi ne bambancin da ke tsakanin abubuwan biyu. API yana gidanku. In kun ga kuskure da Azahar, kafin La'asar kun gyara, kowa ya samu gyaran. SDK kuwa baƙo ne da kuka tura gidan wani. Mai manhaja ya saka shi a cikin tasa, ta hau wayoyin mutanen da ba ku sani ba, cikinsu har da mai shagon da bai sabunta komai a wayarsa ba tun ranar da ya saye ta. Abin da kuka rubuta yau zai ci gaba da kiran sabarku shekara biyu ko uku nan gaba, kuma ba ku da ikon janyo shi.

Baƙo kuma ba ya tayar wa masu gida da gobara. A watan Mayun 2020, sannan a Yulin shekarar, manhajoji irin su Spotify da Pinterest suka riƙa mutuwa a iPhone da zarar an buɗe su. Ba su taɓa komai nasu ba. Facebook ne ya yi sauyi a sabarsa, SDK ɗinsa da ke cikinsu ya karɓi amsar da bai zata ba, ya faɗi, ya ja su ƙasa, har a wayar wanda bai taɓa shiga ta Facebook ba. To naku kada ya fara wani aiki sai an kira shi. In amsa ta zo a karkace, ya mayar wa mai manhaja bayanin kuskure, kada ya kashe masa manhaja. In sabarku ta ƙara wani bayani da bai sani ba, ya wuce shi kawai.

Tunda kuɗi ne, ga inda na fi so ku zauna sosai. Kun san halin sabis a wurinmu: mutum ya danna biya, kuɗi ya fita, sabis ya ɗauke kafin amsa ta dawo, ya sake dannawa. In SDK ɗinku yana sake turawa da kansa ba tare da dabara ba, za a cire wa mutum sau biyu, kuma mutumin zai zagi mai shago, mai shago ya zagi mai manhaja, shi kuma ya kira ku da tsakar dare. Maganin shi ne kowace buƙatar biya ta tafi da lambar shaida tata ita kaɗai. In sabarku ta ga lambar da ta riga ta gani, ta mayar da amsar farko, ba ta sake cira ba. Haka Stripe, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ke yi. SDK shi ya kamata ya ƙirƙiri lambar, kada ku bar wa mai manhaja ya tuna.

Adadin kuɗi kuma a ƙirga shi da kobo, cikakkiyar lamba. Paystack, shi ma kamfanin karɓar kuɗi ne, haka yake karɓa: naira 5,000 ana rubuta 500000. Buɗe JavaScript ka haɗa 0.1 da 0.2, za ka ga 0.30000000000000004, ka ga dalili: lissafin lamba mai ɗigo ba ya fita daidai a kwamfuta. Sai dai ku rubuta wannan ƙa'ida ɓaro-ɓaro a sahun farko na jagorarku, don wani zai sa 5000 ya karɓi naira hamsin yana murna. Makullin sirri kuma, wato lambar da ke bai wa mai manhaja cikakken iko a asusunsa na wurinku, kada ya kusanci SDK na waya, domin warware fayil ɗin APK, wato fayil ɗin manhajar Android, a ga abin da ke ciki ba wani aiki ba ne. Waya ta riƙe makullin fili kawai, wanda ba laifi in an gan shi, tabbatar da biya ya kasance tsakanin sabarku da ta mai manhaja.

Ku rage kayan aro, wato kayan da wasu suka rubuta da za ku saka a SDK ɗinku. Duk abin da SDK ɗinku ya jingina da shi, kun ɗora wa wasu ne, yana ƙara wa manhajarsu nauyi, yana iya karo da nasu. A Maris ɗin 2016 wani ya cire wani ɗan kayan aro mai suna left-pad, mai layi 11 kacal, daga npm, rumbun kayan JavaScript, manyan ayyuka irin su Babel suka kasa haɗuwa.

Rabawar ita ce mai sauƙi, domin kowane harshe yana da rumbunsa: npm na JavaScript, PyPI na Python, Packagist na PHP, pub.dev na Flutter, Maven Central na Android, sai Swift Package Manager na iOS. Kada ku tura wa kowa fayil ta WhatsApp, ko da abokinku ne. Ranar da kuka toshe wata ɓaraka ba za ku san wa ke riƙe da tsohon ba. Maven Central zai sa ku tabbatar da mallakar sunan da kuke bugawa da shi, ku kuma sa hannun GPG, wato hatimin lantarki da ke nuna daga gare ku kayan ya fito, sannan abin da kuka buga ba ya gyaruwa. Shi ma npm ba ya yarda a maimaita lambar siga, wato lambar da ke bambanta kowace fitowa ta SDK. Asusun bugawar ya zama na kamfani, da tabbaci mai mataki biyu. Na sha ganin asusu da sunan yaro ɗaya, ya samu aiki a Legas ya tafi da shi. Lasisi ku sa MIT ko Apache 2.0, kamfanoni ba sa ɗar-ɗar da su. Na iOS kuma ku haɗa da takardar da Apple ke nema ta bayyana irin bayanan mutane da SDK ke ɗiba, abin da ya tsananta a kai tun Mayun 2024.

Lambar siga alkawari ce. A 2.4.1, ta ƙarshe gyaran kuskure, ta tsakiya ƙari ne da bai taɓa tsohon aiki ba, ta farko kaɗai ke da izinin karya wani abu. Ko sunan aiki ɗaya kuka sauya don ya fi kyau, kun karya. Shi ya sa nake cewa ku buɗe ƙofofi kaɗan: abin da ba ku fitar ba kuna iya fitarwa gobe, wanda kuka fitar kuwa wani ya riga ya kafa rumfa a kansa. In dole sai an cire abu, ku bar tsoho da sabo su zauna tare, tsohon yana gargaɗi, ku faɗi ranar cirewa da wuri.

Kafin ku buga 1.0.0, ku samo wani mai haɗa manhaja da bai san aikinku ba, ko ɗalibi ne daga Jami'ar Bayero. Ku ba shi jagora da makullin gwaji, ku ce ya karɓi naira 100 ta gwaji, ku zauna bayansa ku kame bakinku. Duk inda ya tsaya yana sosa ƙeya, ku rubuta. In ya haura minti goma sha biyar bai gama ba, a ganina ba ku shirya ba, ku ɗaga ranar fitarwa.