Amsa: Farar miyar jatan lande da ke tsinkewa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce in kika yi farar miyar madara don ci da jatan lande sai ta tsinke ta yi gudaji. Ina zargin lemun tsami ne. Tsami na tsinka madara in tana kan wuta, shi ya sa ba a matsa shi sai an sauke tukunya.

Ki narkar da bota cokali 2 a wuta kaɗan, ki soya albasa da tafarnuwa su yi laushi, kada su yi ja. Ki barbaɗa fulawa cokali 2, ki juya na minti 2, sannan ki riƙa tsiyaya madara kofi 1 kaɗan-kaɗan kina juyawa. Fulawar nan ce ke riƙe miyar. Ni dai na fi son madarar gwangwani, ta fi jure zafi.

Kawunan jatan landen kuwa kada ki zubar. Ki tafasa su minti 15, ki tace, ki zuba rabin kofi na romon. Ya fi dunƙule nesa ba kusa ba. Sai gishiri da masoro, ki sauke, sannan lemun.

Shi jatan landen ki soya daban, minti 2 kowane gefe. In ya wuce haka tauri zai yi.